Mai Aron Fuska

Shekara goma sha ɗaya ina liƙa masa gashin baki,
ni Odessa, a hawa na tara, a birnin New York,
ɗaki ba taga, sai madubi da ƙwayayen fitila,
ɗaya ta mutu tun zuwana, ba wanda ya kula.
Yakan zauna, ya lumshe ido, ya ce, "Yau wa zan zama?"
In ce, "Alƙali, sai direban tasi, sai tsohuwa mai kare."
Ya ce, "Fara da tsohuwar, ta fi su hankali."

Leland Brozek, ɗan Toledo.
Ubansa mai gyaran bututun ɗumama gidaje ne,
mutum mai tsadar magana, mai tari kamar tsohuwar mota.
Yana ɗan shekara tara, ana cin abincin dare,
ya tashi ya yi tafiyar uban, da tarin, da ɗaure fuskar.
Uban ya ajiye cokali ya fita.
Uwar ta toshe baki da tsumma, kafaɗunta suna rawa.
Ya ce da ni, "Odessa, kafaɗun nan nake nema har yau."

A Chicago wanke-wanke yake da rana,
da dare ya hau wani dandamali mai kujeru arba'in,
jirgin ƙasa na bi ta saman rufin yana girgiza kofuna.
Nan ya koyi jira:
ya riƙe ƙarshen magana a baki kamar alawa
har ƙarar ta wuce, sannan ya sake ta.
Kowa ya ci zomo ya ci gudu.

Sai talabijin. Daren Alhamis, kai tsaye, ba gyara.
Daƙiƙa casa'in tsakanin wasa da wasa,
in fizge gemu, in ɗora sanƙo, gam na cin fatarsa,
yana gudu yana ɗaura ɗamara, takalmi ɗaya a hannu.
Wanda ya ɗaga shi sama shi ne mai hasashen yanayi
da ke tsoron ruwan sama,
ya nuna taswira da sanda, muryarsa na rawa:
"Ba ni na kira shi ba!"
Ƙasa duka ta ɗauka.
A tasha, a kanti, a bakin asibiti ana jefa masa ita.
Ranar da aka binne uwarsa an yi yayyafi,
wani a bayan taro ya faɗe ta ƙasa-ƙasa.
Leland ya juya ya ɗaga masa hula.
A mota ne ya ciji hannunsa har ya yi jini.

Duniya rawar 'yan mata.
Yara sabbi suka zo da sabon wargi,
aka ba shi agogo da kek, aka tafa, aka ɗauke sunansa daga ƙofa.
Los Angeles ta ba shi maƙwabci mai aron tsani,
shekara huɗu yana leƙe ta kan shinge.
Daga nan tallan katifa.
Daga nan muryar agwagwa a katun na yara,
wadda ya ce ita ce ta biya masa kuɗin haƙora.

An ce labarin zuciya a tambayi fuska.
To wace ɗaya? Na ƙirga ɗari uku da 'yan kai
kafin in daina ƙirgawa.

Bara na je Burbank, gidan kula da tsofaffi.
Yana zaune gaban taga, bargo a gwiwa,
ya manta sunan 'yarsa, ya manta nawa.
Na fito da burushin hoda, don hannuna ya saba.
Da ya ji shi a kumatu sai ya lumshe ido.
"Yau wa zan zama?"
Na ce, "Leland."
Ya yi shiru, ya jira, kamar jirgi na wucewa a sama,
sannan ya ce, "Wannan ba a ba ni takardarsa ba."

Na toshe baki da gyalena.
Ya buɗe ido ɗaya, ya dubi kafaɗuna,
ya ce, "Yauwa. Ga su nan."