Lissafi Tsakanina da Kujera

Kujera, zo mu yi lissafi ni da ke,
Tunda lissafin shi ne sana'ata.
Shekara ashirin da uku a Garwa
Kina goye da ni kamar uwata,
Ashe goyon nan da nake yabo
Shi ya tsotse ƙarfin ƙafata.

Ran da aka ba ni ke har sadaka na yi,
Na ce na tsira daga gonar auduga.
Baba na can Pitowa yana shan rana,
Ni ina inuwa, fanka na kaɗa mini riga.
Yau ya haura tamanin yana sunkuyo,
Ni in na duƙa, sai a zo a ɗaga.

Allon kwamfuta ya sha ruwan idona,
Bakwai takan rikiɗe ta koma ɗaya.
Wuya ya sandare kamar muciya,
Jiki duka nake juyawa in waiwaya.

Ga shayin Bappa Giɗaɗo zagaye uku,
Sukari kamar ana gaba da shi.
Da azahar tsire, burodi, lemon kwalba,
Ruwa kuwa sai in ya tuna mini da ƙishi.
Tumbi ya riga ni shiga ƙofa,
Bene hawa ɗaya, ina ta nishi.

Kin tuna Hamagabdo na teburin kusurwa?
Bai taɓa cewa wash ba, sai dai ciwon kai.
Ana jibi albashi ya kife kan fayil,
Mun zaci barci ne, har muna dariya, kai!
Jini ne ya hau bai yi sallama ba.
Yanzu hannunsa na hagu yana kwance a cinya
Kamar kayan wani da aka ba shi ajiya.

Tsoro ne ya kai ni asibiti, ba hankali ba.
Likitar, wata 'yar Kayele mai ƙaramar murya,
Ta naɗe mini dantse, ta dubi allura,
Ta ce, "Malam Sanda, awo ba ya ƙarya.
Duk rabin awa ka miƙe ka taka,
Ɗaga allon nan ya daidaita da ido,
In ka gaji da lamba, ka hangi nesa.
Rage gishiri, rage dunƙule, rage zaƙi,
Gorar ruwa ta zauna inda kofin shayi yake.
Ka riƙa zuwa awo ko ba ka jin komai,
Kuma aikin ofis, ka bar shi ya kwana a ofis."
Na ce, "Maganin fa?" Ta nuna ƙafata.

Sai na tuna Tumba, masinjanmu,
Sittin da huɗu, keke da hular kaba.
Mu aike shi banki, mu aike shi Yelwa,
Ko sannu ba ma yi masa, balle yaba.
Ashe lafiyarmu muke ba shi ya tafi da ita,
Mu muna zaune muna jiran ta gaba.

Yanzu fayil ɗina da kaina nake kaiwa,
Yaran ofis na cewa tsoho ya rasa abin yi.
Tsofaffin kundaye biyu sun tallafi allo,
Darbejiyar bakin titi ta zama abokiyar hange.
La'asar sakaliya in taka har gadar Binuwai,
In ga masunta na naɗe koma,
Wata rana har dorina ta leƙo ta yi mini hamma.

Ba rabuwa za mu yi ba, kujera,
Tuwon yarana ta wurinki yake fitowa.
Amma bashin da na ci a jikina
Ke ce shaida, ni ne mai biya.
Wannan waƙar ma a tsaye na rubuta ta,
Bisa kabad ɗin takardun bara,
Kina kallo.