Takarda Ta Takwas

Saura mako bakwai, na rubuta a allo.
Yesenia ta taso ta goge, ta sa shida:
"Malama, makon hutu ba ya cikin lissafi."
Gaskiyarta. A waje ƙanƙarar Toledo ta koma caɓi,
kogin Maumee ya fara miƙa,
na'urar ɗumama aji tana tari
kamar tsohon da ya ƙi shan magani.

Shekara ɗari biyar nake aunawa
da mudun minti hamsin.
Litinin mu sayi Louisiana,
Laraba mu haƙa magudanar Erie,
kafin wata Juma'a ƙasa ta tsage biyu,
an binne samari ba adadi,
ƙararrawa ta kaɗa, kowa ya ruga layin abinci.

Na ba su sirrin jarrabawar:
takardu bakwai za a ajiye muku, da awa guda.
Kada tsufan takarda ya sa ku rusuna mata.
Ku tsare ta da tambaya: wa ya rubuta ki,
kunnen wa yake nema,
wa ya riƙe masa fitila
har ya gama bai sa sunansa ba?
Ta ƙarshen nan ba ta da maki. Ni na ƙara.

Colby tambayarsa ɗaya ce tun Satumba:
"Zai fito?"
In na ce a'a, sai ya rufe biro.

Ran da muka kai kan tallar jarida,
mace da 'ya'ya biyu, ana iya saye a rarrabe,
Tremaine, da bai taɓa ɗaga hannu ba,
ya yi magana daga kujerar baya:
"Malama Tasalla, in kin ce mu, su wa ke nan?
Ke da jirgin sama ya kawo,
naku sayar da su aka yi, ko su suka sayar?"

Yawu ya ƙafe mini.
Na ga kakar uwata tana surfe,
tsagar fuskarta ba irin ta gidanmu ba,
garinsu kuwa ba a tambaya.
Na ga kakan ubana mai rinji,
wanda har gobe ake masa kirari ran suna.
Na ce, "Duka biyun.
A tukunya ɗaya aka dafa ni."
Ba wanda ya rubuta.
Na'urar nan ma ta haɗiye tarinta.

Kwana biyu bai dube ni ba.
A na uku ya ajiye ambulan a teburina:
tikitin jirgin ƙasa, Meridian zuwa Toledo,
tafiya ba dawowa, gefensa ya cinye.
Na uwar kakarsa ne.
Ta ɓoye shi cikin littafin addu'a shekara hamsin.
Muka zagaye shi, mu ashirin da uku,
muka tsare shi da tambaya kamar sauran.
Wa ya buga? Wa ya biya?
Wane tarago aka nuna mata?
Colby ya ce, "Zai fito?"
Na ce, "Ba zai fito ba."
Ya yi jim, ya matso, biro a buɗe.

Da dare ina makin rubutunsu a kicin,
shayi ya huce, jan biro na ƙarewa.
Ni ma an taɓa yi mini tambayoyin ƙasar nan
a wani ofis, na amsa, na ɗaga hannun dama,
aka ba ni 'yar tuta.
Tana cikin kofin cokula.

Ran jarrabawa ba a barin malami ya shiga.
Zan tsaya bakin zauren wasanni da ledar alawa,
in ƙirga ƙeyoyinsu suna wucewa,
ƙofa ta rufe,
in koma aji in goge allo.