Tekun Aro

Shekara hamsin da ɗaya ina nutso a gaɓar Jeju,
ba tukunyar iska, sai huhun da aka haife ni da shi.
Na ɓamɓare katantanwa daga gindin baƙin dutse,
na raba mai hannu takwas da raminsa,
ban taɓa cewa wayyo ba.
Sai ga tsakuwa, ko ƙwayar wake ba ta kai ba,
ta shimfiɗe ni a daɓen ɗaki ina cizon bargo.

Likita Hyeon ya ɗaga hoto a gaban fitila.
"Kaka Ok-ryeon, ga ta nan, ƙodar hagu.
Ba yanka. Da amo za mu buge ta daga waje,
sau dubu uku, har ta zama gari."
Na ce ko sha'ir ba ya shan haka a turmi.

Mi-ran mai jinya ta kawo wani tabarau,
ƙanin wanda nake shiga ruwa da shi, sai dai makaho ne.
"Akwai daji, akwai ƙanƙara, akwai teku. Wanne?"
Na yi dariya har kwiɓina ya tsawata min.
Ke, 'yar jiya, ni za ki nuna wa teku?

Ta ɗaura min. Ɗakin ya tafi.

Shuɗi, fes, kamar kwanon da ba a taɓa ci a ciki ba.
Tekun nan bai san hunturu ba.
Ba gishiri a leɓe, ba ya matse kunne,
kifayensa suna zuwa har gaban hancina,
alhali kifin gaskiya bai yarda da kowa ba.
Ƙarya ce, na ce. Ƙarya mai kyau, amma ƙarya.

Tas. Tas. Tas.
Ƙarƙashin haƙarƙari ana ɗana min wuta.
Na fara ƙirge. A ɗari da arba'in
wani kunkuru ya gifta, tsoho, mai tabo a kafaɗa,
ya yi ƙasa, na bi shi da wuya,
lissafin ya zube min.

Jiki ba ya mantuwa.
Da ganin ƙasan ruwa na ƙulle numfashi.
Daga can saman duniya muryar Mi-ran ta sauko:
"Kaka, shaƙi iska. A nan ba a riƙewa."

Na shaƙa.
Ina ƙasan teku, na shaƙa.
Tun ina 'yar sha huɗu
ban taɓa zama a nan ba tare da mutuwa tana ƙirga min ba.
Yau ba mai kira na sama.
Na zauna kawai. Na dubi yashi yana motsi.

Na tuna Chun-hwa,
wadda ta tsaya don katantanwa ɗaya tak,
shekarar da lemu ya yi araha.
Na leƙa bayan kowane dutse.
Na san ba ta nan. Na leƙa dai.

Zafin bai tafi ba, kada in yi muku ƙarya.
Yana nan, kamar kare mai haushi a bayan katangar maƙwabta:
ina jin sa, amma ba a gidana yake ba.

Da suka cire tabarau, fitila ta soke min ido,
bakina ya saki fiton da muke yi in mun ɓullo.
Likita ya waiga, ya ɗauka na'urarsa ce ta lalace.

Kwana uku ina fitsari a rariya.
Yashi ya fito, ja-ja, bai cika murfin kwalba ba.
Duk abin da na kwaso a teku na sayar,
wannan kam na ajiye a kan taga.

Ranar komawa na kai wa Mi-ran busasshen ganyen ruwa.
Na ce ta gaya wa mai ƙera tekun nan
ya koya wa kifayensa tsoro.
Sannan na rage murya:
in ta dama ta yi tata tsakuwar,
kunkurun nan, zai dawo?