Kalmar da Direban Bamenda Ya Bari

A bakin gadar Binuwai, nan Garwa,
motar auduga ta shaƙe, ta ƙi tashi.
Babana Sallau ya shige ƙarƙashinta
da sifana, da guntun roba, da wayar tsohon keke.
Kafin la'asar ta yi tari, ta kama.

Direban, mutumin Bamenda,
ya damƙa masa jaka biyu ta sefa,
ya yi masa gyara da kalma ɗaya: handi.

Baba ya iso gida yana jujjuya ta
kamar kwabon da bai san ƙasarsa ba.
"Ladidi, ke da kike lise,
duba mini, yabo ne ko zagi?"

Na aro ƙamus ɗin Malam Bawuro
wanda gara ta fara karantawa daga baya.
Na ce: Baba, tushenta hannu ne,
hannu tsura, a bakin Ingilishi,
sai suka ɗaura masa 'yar wutsiya.
Har amon ya so ya yi kama da namu,
amma kama da wane ba ta wane.

Da ita suke kiran mai yatsu masu wayo,
wanda muke ce wa ɗan hannu.
Da ita suke kiran abin da ke kusa,
wanda ba sai an tashi tsaye ba:
allura a hula, ashana a aljihu.
Da ita kuma suke kiran kayan aiki
mai daɗin riƙo, marar gardama.

Baba ya yi shiru.
Ya buɗe tafukansa a hasken fitila,
baƙin mai ya zauna cikin kowace tsaga,
farcen da gudumar bara ta kashe bai dawo ba.

"Wato ni da sifana sunanmu ɗaya?
Gwani da abin da aka ajiye kusa
don a miƙa hannu a ɗauka?"

Na rasa shafin da zai amsa.

Inna ta turo masa ƙwaryar tuwo,
ta ce: "Ci. Hannu dai shi ne hannu,
shi ya san hanyar baki."

Bai kai loma uku ba aka yi sallama:
injin markaɗen Asabe ya tsaya.
Ya suɗe yatsu, ya lalubi sifana.
Tana nan inda ya bar ta,
kusa.