Ambulan Ranar Alhamis

Alhamis ce, tsakiyar Agusta, Luton na ta yayyafi.
Misis Holroyd ta miƙo ambulan ba ta ɗago ido ba,
tun nan na san gishiri ya zarce a miya.

Sai da na zagaya bayan ɗakin motsa jiki na yage shi:
B, C, da wata D mai kumburarren ciki
ta yi zaman dirshan a gaban lissafi,
lissafin da nake bugun ƙirji da shi tun ina ƙarami.
Jami'ar da na liƙa hotonta a ƙofar firij
A uku ta ce, ba ragi, ba ciniki.

Baba na barci bayan tuƙin dare,
makullin tasi a tebur, gefen ragowar shayi.
Da ya farka ya karanta takardar sau biyu,
ya ninke ta huɗu kamar rasiɗin mai,
ya ce, "Nazifi, ka ci abinci?"
Da mari ya kwaɗa mini, da ya fi mini sauƙi.

Umma kuwa waya ce ta hana ta sakat:
'yar Hajiya Barira ta samu likitanci a Leeds.
"Masha Allah," take ta faɗi,
tana dirzar tukunyar da ta riga ta wanke.

Ni banki nake so.
Ba na layin cirar kuɗi ba,
wanda ake ɗaura wa kamfani aure da kamfani,
a yanka sadaki da biliyan, a tashi ba ko goro.
Ina shekara sha huɗu, wata Lahadi,
Baba ya kai ni Canary Wharf muka ci burodi a mota,
ina ƙirga hawan benaye har wuyana ya ƙage.
Tun ranar ban sauko ba.

Na samu aikin dare a rumbun kaya, bayan filin jirgi.
Kwali ya zo, kwali ya tafi, kwali ya dawo.
Ƙarfe uku, lokacin hutu,
Marek na cin tuffa, ni ina kokawa da tsofaffin tambayoyi
a bayan takardar lodi.

Wasiƙa arba'in da ɗaya na aika.
Yawanci na'ura ce ke tace ni
kafin idon ɗan Adam ya sauka kan sunana.
"Muna baƙin cikin sanar da kai,"
na haddace ta har da inda ake numfasawa.

Ta talatin da takwas ce aka amsa.
Wani Tobias Whitlock, mai furfura a gira,
ya ba ni minti goma sha biyar da kofi mai ɗaci.
Bai tambayi D ba. Ya ce,
"Rumbun da kake aiki, riba yake ci ko asara?"
Na ce asara, ranka ya daɗe,
cikin kwali goma uku na dawowa,
da hannuna nake sauke su, bayana ne shaida.
Ya ajiye waya. Minti sha biyar ta zama arba'in.

Ba aiki ya ba ni ba, kada a yi guɗa.
Sati ɗaya ne a Afrilu, in zauna, in duba, in yi shiru.
Jarrabawar na nan tana jirana a Yuni,
ba ta san wani Whitlock ba.

Daren nan Umma na rage hannun kwat ɗin Baba,
allura a baki, tana faɗan in daina motsi.
Na zura hannu a aljihun ciki,
na taɓo takarda, ninki huɗu.
Ban fito da ita ba.
A waje, na ji tasi ta tashi.