Wa Ya Ce?

Fanka ta tsaya tun La'asar.
Zafin Sakkwato ya zauna a ɗakin karatu kamar mai bin bashi,
ni kuwa ina shafi na goma sha bakwai
na maƙalar da ta ƙi sakar mini fuska.
Albasa ce duk maganar:
me ke ruɓar da ita a rudu kafin kasuwa ta yi kyau.
Abin da nake shaƙa tun ina goye,
yau ga shi cikin jadawali, ya yi kamar bai san ni ba.

Wata maƙalar ma a bakin ƙofa ta tsayar da ni.
Ta nuna mini tsakure, layi tara,
ta ce sauran sai da dala.
Na leƙa, na gaishe ta, na wuce.

Babin da na kai wa Dakta Luba ran Litinin
ya dawo jina-jina.
Jan birona ne, ta ce, ba ƙiyayya ba.
A gefen kowane sakin layi tambaya guda:
Wa ya ce?
Na ce ai kowa ya sani.
Ta ce kowa ba shi da shekara, ba shi da lambar shafi,
je ki nemo mini mutum.

Daren nan hannuna ya yi ƙaiƙayi.
Ga jimla sumul, ta wani malami a wata ƙasa,
in na ɗauke ta wa zai ji?
Sai na tuna zauren Malam Ɗangaladima, bayan Magariba,
ba a taɓa jefo magana tsirara ba:
an karɓo daga wane, shi kuma daga wane,
har sai igiya ta taɓo ruwa.
Na mayar wa mai jimla jimlarsa.
Na buɗe baka, na sa sunansa, waƙafi, shekara,
na rufe.
Ɗan ɗaki ne ƙarami, amma nasa ne.

Taƙaitawa kuma dahuwar mazarƙwaila ce.
Shafi talatin a tukunya,
ka tsaya kan wuta kana kwashe kumfa,
me suka tambaya, ina suka je, me suka tarar,
ina ne suka yi shiru don ba su sani ba.
Sau huɗu tana ƙonewa.
A na biyar na sami layi shida
da muryata a ciki, da gaskiyarsu ba ta karye ba.

Ran Laraba na sauka a Kwalkwalawa,
na tarar da Baba Arzika yana gyaran rudu.
Na karanta masa layi shidan, ina ji da kaina:
a daina ban ruwa kafin cira,
a bar wuyanta ya bushe,
a ba iska hanya ta ƙasa.
Bai ɗago ba.
Ya ce, "Su wa sunka hwaɗi?"
Na kira sunaye uku da wasu.
Ya ce, "Sun yi gaskiya, ɗiyata.
Amma sun mance wadda ƙahwa ta taka.
Ita ka hwara ruɓa, ta ja 'yan'uwa.
Ubana yag gwada min, shi ko wajen Nomau na Gidan Yunfa yaj jiya."

Na tsuguna, na ɗora littafi a gwiwa.
Ƙasa ta shiga tsakanin shafuka, na bar ta.

Yanzu a manazarta, ƙasan mutanen da ban taɓa gani ba,
akwai layi ɗaya mai warin albasa:
Arzika, manomi, hira a bakin rudu, ranar Laraba.
Dakta Luba ta kai biro kansa, ta daɗe.
Ba ta rubuta wa ya ce ba.
Ta rubuta: Shekarunsa nawa?

Gobe zan koma in tambaye shi.
Na san zai ce bai ƙirga ba,
sai dai shekarar da gulbi ya cinye gero.