Abin da Sabitu Ya Ciro

Ran da akuyar Tabawa ta ƙi tashi
ni aka tura Kasuwar Rimi da gudu
in kira Sabitu mahauci,
kada ta tafi mushe, asara ta zama biyu.

Ya zo, ya yi bisimilla, ya yanka.
Da ya farke tumbin sai ya ja da baya:
"Mutanen Yakasai, ku zo ku ga kiwonku."
Ba dusa, ba harawa.
Leda ce curi guda, ta naɗe kamar gammo,
baƙa ta ƙosai, fara ta ruwan sanyi,
da wata shuɗiya mai hoton almakashi.

Tabawa ba ta yi kuka ba.
Ta sa tsinke ta ɗago shuɗiyar,
ta ce, "Tela, wannan ba ta shagonka ba ce?"

Tawa ce.
Ni na sa aka buga ɗari biyar don a san ni a gari.
Ga shi an san ni har cikin tumbi.

Daren nan barci ya yi mini yaji.
Na jawo buhun ƙyallayen da na saba ƙonawa,
waɗanda hayaƙinsu ke sa 'yar autata tari:
guntun shadda, guntun atamfa,
ragowar rigar wani ango da bai gama biyana ba.
Na haɗa su baki da baki,
keke na kuka har aka kira assalatu.
Jaka bakwai. Ta farkon karkatacciya,
ita na kai wa Tabawa.
Ba ta ce an gode ba,
amma ran Juma'a na hango ta da ita,
alayyafo na leƙowa ta sama.

Daga nan abu ya ja abu,
kamar zaren da aka tsinko a bakin zane.
Alwalar da nake yi a bakin kwata
ta koma gindin zogale.
Buta ɗaya, aiki biyu:
ni in tsarkaka, shi ya sha.
Uwani ta ga haka, ta ɗauko bahon da ya fashe,
ta zuba toka da ɓawon albasa da kashin kaji,
yanzu yakuwar miyarmu ba ta san kasuwa ba.
Gwangwanin madara na jiran yaro mai kura.
In an kawo wuta da rana tsaka
nakan bi ɗaki-ɗaki ina kashe ƙwai,
yara na kirana mai gadin Nefa.
Kwari kuwa, ashe ba nisa.
Ƙafata ce ta manta hanya.

A teburin mai shayi sun sa ni gaba:
"Tela, kai kaɗai za ka share Kano?"
Na kurɓi shayina.
Na san Jakara ba ta san sunana ba,
na san gobe iska za ta rataye wa darbejiya
sababbin baƙaƙen tutoci.
Har ni, jiya na manta jakar a gida,
na dawo da manja a leda, ina ɓoyewa a hammata.

Sai dai da ruwan Agusta ya sauka
ya shiga ɗakin Malam Ilu har gwiwa,
ran Asabar mu huɗu ne a kwata da shebur,
har da wanda ya fi kowa dariya.
Ba wanda ya yi wa wani wa'azi.
Muka yi ta kwasa. Ruwa ya sami hanya ya wuce.

Tabawa ta sayi 'yar akuya, ja mai farin goshi.
Ɗazu ina gaishe ta a soro
na ji ana jan jakata ta baya.
Na ɗaga hannu zan kora,
tsohuwa ta ce, "Sannu dai, Tela, kar ka doke ta.
Wannan karon ai auduga ce."